Ruwan da Bai Kwana Ba

Na ga saƙonninku. Wata ta ce in ji tsoron Allah in daina ja wa bawan Allah rai. Wata kuma ta ce idan ba na so in turo mata lambarsa. Ke mai neman lamba, ki daure ki karanta wannan tukuna, wataƙila ki tsince shi a banza.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, a shagon tabarau nake aiki, kuma tun da Mama ta rasu mu biyu ne a gida, ni da Baba. Yayana yana wani gari da iyalinsa. Ya iya kiran waya, a nan iyawarsa ta tsaya. Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya karanta littattafan da suka ishe shi ya raina kowa, bayansa kuma ya lalace har likita ya hana shi ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi.

Na ukunmu a gidan shi ne tankin kifin Mama. Kada ku kawo ɗan kwanon gilashi a ranku. Wannan ya cinye bango guda na falo, idan na kwanta a gabansa na miƙe ƙafa sai ya fi ni tsawo. Akwai ƙananan kifaye masu yawo a ayari, akwai masu lasar gilashi, sannan akwai wani tsohon kifi mai faɗin tafin hannu da kullum fuskarsa a murtuke. Mama ta sa masa suna Alƙali. Shi kaɗai ne a gidan nan Baba bai taɓa yi wa gyara ba.

Tanki irin wannan ba ado ba ne, aiki ne. Ruwan famfo yana da kulorin, maganin nan da ake zubawa don mu sha lafiya, shi kuwa kifi ƙona masa wurin numfashi yake yi. Don haka Mama ta kafa doka: ba ruwan da zai shiga tankinta sai ya kwana. Juma'a da yamma a cika ganguna a baranda, a ɗiga musu magani da murfin kwalba, a jefa musu dutsen iska su yi ta kumfa har gari ya waye. Asabar da safe a zuƙe tsohon ruwa da tiyo, a tsotse dattin da ya kwanta a cikin tsakuwa, sannan a fara jido. Bokiti bayan bokiti, daga baranda zuwa falo. Ni ke ɗauka. Baba yana tsaye yana taɓa ruwan da bayan hannu, yana gyara min riƙon bokiti kamar mai gyara jimlar ɗalibi.

Kuma ranar ce kaɗai yake magana. Ku riƙe wannan. Sauran kwanakin mako daga "sannu" sai "na ƙoshi". Amma ranar ruwa sai bakinsa ya buɗe, ya zagi masu rubuta jarida, ya ba ni labarin yadda Mama ta sayo Alƙali a leda ta riƙo shi a cinya a cikin mota, har wani lokaci ya yi dariya ya kama kansa.

To, sai Injiniya ya shigo rayuwata da tabarau a hannu. Aikinsa haɗa bututu da injinan sanyi a masana'antu. Ya kawo tabarau a gyara masa, na duba na ga ba abin da ya same shi. Ya sake kawowa, na sake dubawa. A zuwa na gaba na ce masa, "Malam, tabarau ɗinka lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka da lafiya." Ya ce ya yarda da binciken likita. Daga nan aka fara.

Ina son sa. Na rubuta muku da baƙaƙe don kada wata ta sake tambaya. Amma duk lokacin da ya ce zai turo manyansa su ga Baba, amsata guda ce: "Wa zai canza wa kifin Mama ruwa?"

Namiji mai wayo zai gane wannan ba tambaya ba ce. Shi Injiniya ne. Ya ɗauko abin awo.

Ranar da ya zo haɗa kayan da za su riƙa canza wa tankin ruwa da kansu, Goggona, ƙanwar Baba, tana gidan. Ta zo ne da niyyar minti kaɗan, ta cire mayafi ta naɗe ƙafa a kan kujera, wanda ke nufin sai bayan la'asar. Ni kuwa na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, wai don kada a ce na yi kwalliya, na kuma ɓata lokaci a gaban madubi ina gyara yadda ba za a ce na yi kwalliyar ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Goggo, sannan ya baje kaya a tsakar falo. Ya huda bangon kicin ya zaro wani siririn tiyo fari, ya bi da shi ta gindin bango har cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin. A ciki ya jera wasu dogayen gwangwanaye guda uku.

"Baba, na farkon nan yashi da tsatsar bututu yake tarewa. Biyun nan gawayi ne a ciki, su ke cinye kulorin ɗin. Daga nan ruwan zai riƙa ɗiga a tanki a hankali, dare da rana. Wanda ya yi yawa ya malala ta wannan bututun ya fita waje wajen shuke-shuke. Ba bokiti, ba ganga."

Baba ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Wato ruwan daga titi zai taso ya faɗa wa kifi kai tsaye."

"Ta cikin gawayi, Baba."

"Bai kwana ba."

"Ba ya bukatar kwana. Ga wannan 'yar kwalbar, a ɗebi ruwan a ɗiga mata magani. Idan ta yi ruwan ɗorawa, gawayin ya gaji, a canza shi. Idan ta tsaya fari, lafiya."

"Auta, kin ji? Yanzu har ruwa an yaye masa barci. Saura mu."

Goggo ta tuntsire da dariya. "Yaya, ka bar yaro ya yi aikinsa. Ɗan nan, ba ka da wanda zai riƙa ɗiga wa Yaya fara'a a hankali, dare da rana?"

"Goggo, wannan sai an yo odarsa."

Baba bai yi dariya ba, amma tun daga ranar ya raɗa masa suna Mai Tiyo, kuma a wajen Baba samun suna daraja ce.

Kafin ya tafi ya nuna mana abu biyu. Na farko bawul mai shuɗin hannu can ƙasan kabad, a lungu, sai mutum ya durƙusa ya miƙa hannu zai kai gare shi. Shi ke tsayar da komai. Na biyu wani ɗan abu kamar sabulun otal da ya ajiye a ƙasa kusa da tankin. Ya ce idan ruwa ya taɓa shi zai turo masa ƙararrawa a waya, don ko tiyo zai fashe muna barci. Har ruwan da ke wucewa ma wayarsa tana nuna masa.

Goggo ta tafa hannu. "Shi ke nan. Kifi sun sami mai hidima. 'Yar nan, saura wane uzuri?"

Na raka shi bakin ƙofa raina a jagule. Na rasa godiya zan yi ko kuka. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wallahi sai wata rana na rufe shuɗin abin nan na huta."

Ya yi dariya. Ni ma na yi. Ku riƙe wannan ma.

Muka yi da shi a bar na'urar ta yi wata guda. Idan kifi lafiya, manyansa za su zo ranar Asabar ta ƙarshen watan. Na ce to, don a lokacin wata guda nisa gare shi.

Asabar ta farko na tashi da sassafe kamar kullum, na ɗaura zani, na tsaya a falo hannu biyu ba abin yi. Ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Baba yana kujerarsa da littafi. Ya ce "sannu". Da rana ya ce "na ƙoshi". Shi ke nan Asabar ta zama Talata. Na shiga ɗaki na gyara durowar da na gyara jiya.

Haka aka yi ta tafiya. Goggo ta fara turo min hotunan yadi. Yaya ya kira ya ce ya ji abin arziki, Allah ya sanya alheri, ya kashe kafin in ce uffan. Ni kuma barci ya ƙaurace min, abinci ya daina ɗanɗano, a shago na ɗaure wa wata mata kusar tabarau har ta tsage.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, ina goge gilasan kantar shago, saƙon Injiniya ya shigo.

"Ina kwana. Ina so mu yi magana, amma ba faɗa ba."

Duk wadda aka taɓa turo wa wannan ta san faɗa ne. Na rubuta, "Ina ji."

Ya turo hoton allon wayarsa. Wani layi ne shuɗi da ya miƙe, ya faɗi ƙasa, ya sake tashi, ya sake faɗi, kamar haƙoran zarto.

"Wannan ruwan da ke shiga tanki ne. Kullum da safe, daidai lokacin fitarki, ana rufe bawul. Da yamma, daidai dawowarki, ana buɗewa. An fi mako biyu ana yi. Na yi shiru ne ina jira ki gaya min da kanki."

Na rubuta, "Ba ni ba ce."

"Baba ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalmi. Ku biyu ne a gidan. Sai dai ko Alƙali."

"Na ce maka ba ni ba ce."

Aka daɗe yana rubutu yana gogewa. Kun san yadda abin nan yake nuna mutum yana rubutu, ya ɓace, ya dawo. Na tsaya da tsumma a hannu kamar an dasa ni.

"Ke kika ce za ki rufe. Na ɗauka wasa ne. Idan so kike ruwan ya lalace a ce na'ura ta gaza don a ɗaga maganar, ba sai kifin Mama sun wahala ba. Ki faɗa min da baki. Ba zan tara dattawa su sa manyan kaya su zo a ba su haƙuri a falo ba."

Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya turo, "Ina wurin aiki."

Daren nan ban tambayi Baba ba. Ku zage ni. Na dawo na tarar bawul a buɗe, ruwa na ɗiga, shi kuma yana karatu kamar waliyyi. Na leƙa baranda, ganguna a rufe da tsohon zanin gado yadda na bar su. Na zauna ina kallon ƙeyarsa, zuciyata tana ta saƙa. Idan shi ne, to so yake in zauna. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Ga uzuri ya dawo da ƙafarsa, ba ni na kira shi ba.

Alhamis na fita kamar kullum, da jaka da mayafi ruwan hoda. Na kai shago, na kasa zama. Na jera tabarau, na rushe, na sake jerawa. Na duba waya, ba saƙo. Mai shago, wata dattijuwa da ba abin da ke wuce ta, ta ce, "Ke, tun safe kike zagaye kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Je ki kashe wutar da kika bari a gida."

Kafin azahar ina ƙofar gidanmu. Na cire takalmi tun daga waje, na murɗa makulli a hankali.

Abin da na fara ji shi ne kumfar dutsen iska daga baranda. Sai ƙarar bokiti.

Baba ne, daga shi sai singileti, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗaura ɗamarar bayan da likita ya ba shi wadda ya rantse ba zai taɓa sawa ba. Ya shimfiɗa tsofaffin tawul daga baranda har falo, ya kuma ɗauke ɗan abin ƙararrawar nan... a'a, bai ɗauke ba, ya kifa masa kwanon roba. A hannunsa ƙaramin bokitin wanki ne, ruwa bai kai rabi ba. Yana tafiya yana dafa bango, taku ɗaya, ya huta, taku ɗaya. Kuma yana magana. Da Alƙali yake.

"Kai ma ka tsufa, kada ka kalle ni haka. Na ga yadda kake juyawa da ƙyar."

"Baba!"

Bai firgita ba. Ya ajiye bokitin a hankali, ya dube ni ta saman tabarau. "An kore ki ne?"

"Baba, me kake yi?"

"Rawa nake koya."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce abubuwa da yawa a gidan nan. Rufe ƙofa, kina shigo da ƙuda."

Na jefar da jaka. Na buɗe kabad, ga shuɗin hannu a karkace, kusa da shi ga 'yar kujerar tsuguno da sandar da ya ɗaura wa ƙugiya don ya riƙa jawo shi ba sai ya sunkuya sosai ba. Mutumin da ba ya iya canza ƙwan lantarki ya ƙera makami.

Na juyo na fuskance shi. "Ka san abin da ka jawo min? Wayarsa tana nuna masa duk lokacin da aka rufe. Ya ce ni ce. Ya ce ba na son sa ne nake ɓoyewa."

Wannan ya tsayar da shi. Ya cire tabarau ya goge da gefen singileti. "Wato har gulma na'urar take yi."

"Baba, idan ba ka so in tafi, ka gaya min. Wallahi zan zauna. Ba sai ka karya bayanka ba."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya karanta tambaya a juye.

"Auta, uwarki ta fi ki saurin ganewa. Da so nake ki zauna, ai sai in kwanta in yi ta nishi, ya fi sauƙi. Gwaji nake yi."

"Gwajin me?"

"Na rashinki."

Ya jingina da bango ya ci gaba, murya ba hawa ba sauka.

"Wannan abin na Mai Tiyo yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Na gwada kwalbarsa, fari take fitowa. Amma wata rana gawayi zai gaji, ko tiyo ya toshe, ko a ɗauke ruwa. Ranar nan zan ɗaga waya in kira ki, ki baro gidanki da mijinki ki zo ki yi jido, daga nan kuma kin dawo ke nan da rabin jiki. Ba zan yi haka ba. An taɓa tsayar da ni gaban wani inji mai fitilu a asibiti aka ce in je gida in huta, shi zai riƙe min uwarki. Na je na huta." Ya mayar da tabarau. "Tun daga ranar ba na barin inji ya zama shi kaɗai ya iya abu."

Ruwa na ta kumfa a baranda.

"Da farko kofi biyu nake iya ɗauka," in ji shi. "Yanzu ga ni a rabin bokiti. Kaɗan kaɗan kullum, maimakon jidon Asabar. Na so in kai bokiti guda kafin baƙin su zo, in ce miki ga shi, je ki."

"To me ya sa sai ka rufe bawul? Ka bar shi yana yi mana."

"In yana zuba nasa ina zuba nawa, ta ina zan san wa ya raya kifin?"

Ku gaya min, me ake ce wa irin wannan mutum?

Na zauna a hannun kujera. Abin da na daɗe ina riƙewa ya fito da kansa. "Ba kifin ba ne, Baba. Ni ko son su ba na yi, ƙarni suke min. Kai ne. Ranar ruwa kaɗai kake magana. Tun da aka sa abin nan ba ka ce min komai ba sai sannu da na ƙoshi. In na tafi, da wa za ka yi magana?"

"Na san ba kya son su. Tun kina ƙarama kike toshe hanci." Ya nuna tankin da haɓa. "Da wa zan yi magana? Ga Alƙali nan, bai taɓa katse ni ba. Ga Goggonki da ba a gayyatarta kuma ba a korarta. Ke dai ki daina ɓuya a bayan kifi, gilashi ne, ana hango ki. Matsa, ki ga abin da na iya."

"Baba, bar shi, na yarda."

"Ban tambaye ki yarda ba. Kallo na ce ki yi."

Ya koma baranda, kuma saboda ina kallo, ya cika bokitin fiye da yadda ya saba. Na gani, na buɗe baki, ya ɗaga min yatsa. Ya taho. Taku ɗaya, biyu, har tsakiyar falo, fuskarsa tana cewa kin gani? Ya zo gaban tanki ya ɗaga hannu zai juye.

Ban ji ƙarar komai ba. Na dai ga fuskarsa ta canza, bakinsa ya buɗe ba sauti, gwiwoyinsa suka naɗe. Bokitin ya kuɓuce ya daki kwanon robar nan ya yi gefe da shi, ruwa ya malale falo har ƙarƙashin kujeru. Ɗan abin nan mai kama da sabulu ya fara tsuwa kamar an taka ɗan tsako.

Na tare shi kafin kansa ya kai ƙasa. Na kwantar da shi a kan tawul, na cusa masa matashi ƙarƙashin gwiwa yadda likita ya koya min. Rigata ta jiƙe sharkaf, mayafi ya faɗa cikin ruwa. Gumi ya keto masa. Na ce mu tafi asibiti, ya ce ba inda za shi, tsohon ciwon ne ya zo gaisuwa, in ba shi maganinsa in kashe masa wannan munafukin mai ihu. Na rasa inda ake kashe shi. Na naɗe shi a tawul na tura ƙarƙashin kujera, ya ci gaba da tsuwa daga can.

Da numfashinsa ya ɗan daidaita sai ya kamo wuyan hannuna. Hannunsa sanyi ƙalau.

"Ki saurare ni. Idan kika mayar da bayan nan nawa sabon uzuri, ban yafe ba. Rabin bokiti na iya. Girman kai ne ya ƙara sauran."

A daidai lokacin kuwa zuciyata ta riga ta fara ɗinka uzurin, har ta sa masa maɓalli.

Muna haka aka buga ƙofa da ƙarfi, kafin in tashi an turo. Injiniya ne, da rigar aiki mai tabon mai, da jakar kayan aiki, yana haki. Na'urarsa ta kai ƙararmu. Ya tsaya a bakin falo ya dubi ruwa, ya dubi tawul, ya dubi Baba a ƙasa da ɗamara, ya dubi kabad a buɗe da sandar ƙugiya a jingine. Mutum ne mai karanta bututu, bai bukaci a yi masa bayani ba. Na ga lokacin da abin ya shige shi, kunnuwansa har suka canza launi.

Ya zube a gwiwa cikin ruwan. "Baba, sannu. Sannu. Bari in kawo mota."

"Mai Tiyo, ka shigo gidan mutane ba sallama."

"A gafarce ni, Baba. Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ɗan leƙen asirinka yana ƙarƙashin kujera, rufe masa baki."

Ya laluba ya kashe shi. Falon ya yi tsit. Ya juyo gare ni, ya kasa haɗa ido. "Na zalunce ki," ya ce a hankali.

Ga dama ta samu, 'yan uwa. Ga uba a kwance, ga saurayi da laifi a wuya. Da na ce a ɗaga maganar sai Baba ya warke, ba mai cewa don me, Goggo ma sai ta yaba min. Kalmomin suna kan harshena. Na dubi Baba, ya rufe ido kamar ba ya wurin, amma yatsunsa suna nan a wuyan hannuna.

Na zare hannuna. Na rarrafa cikin ruwan da jiƙaƙƙiyar riga, na miƙa hannu can lungun kabad, na kama shuɗin hannun nan na murɗa shi har ya miƙe. Gwangwanayen suka yi gurnani. Jim kaɗan sai ga shi a saman tankin, ɗis, ɗis.

Na ce wa Injiniya, "Ka gaya musu su zo ranar Asabar. Da bakina na faɗa."

Na ɗauka zai yi murmushi. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana murza madaurin jakarsa.

"Na kira Kawu, wanda zai jagoranci manyana, yau da safe," ya ce. "Da na ga an sake rufewa. Na ce masa a fasa. Ya ce dama ya gaji da yarinyar da ake roƙo, kuma kada in sake kawo masa maganar gidan nan."

Ban san lokacin da na zauna daɓas a cikin ruwan ba. Alƙali ya matso jikin gilashi yana kallonmu da fuskar nan tasa.

Baba ya buɗe ido. Ya miƙa hannu sama daga inda yake kwance, tafin a buɗe.

"Ba ni wayar."

"Baba, Kawu mutum ne mai zafi, gara a bari ya..."

"Na koyar da masu zafi shekara da shekaru, duk sun huce. Ni na rufe, ni zan buɗe. Kira shi ka sa min a kunne. Auta, gyara min tabarau, ba na roƙon mutum ina ganinsa dishi-dishi."

"A waya ne, Baba, ba ganinsa za ka yi ba."

"Gyara dai."

Na gyara masa. Injiniya ya danna lambar, ya riƙe wayar a kunnen mutumin da ban taɓa jin ya ce wa kowa yi haƙuri ba, ko Mama sai dai ya sayo mata abincin kifi ya ajiye. Muka tsaya jira mu uku a cikin ruwan da ya kwana, wanda bai kwana ba yana ɗiga a samanmu.

Ta yi ƙara har ta katse. Ba a ɗauka ba.

Baba ya ce, "Sake kira."